Tsohuwar Mota Mai Turbo a Bakin Iyakar Benin: Inda Take Ciwo da Abin da Gyaranta Ke Ci

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Bagudo, ta haye Kogin Kwara a gadar Tuga, ta ratsa Ka'oje ta nufi Tsamiya ko Illo da Lolo, ya san irin motocin da ke neman abinci a kanta. Akwai Golf da Sharon masu jigilar fasinja da kaya har saman rufi, akwai Kanta masu kwasar shinkafa da masara ranar kasuwa, akwai Hilux na jami'an tsaro da na masu hali, ga kuma manyan DAF da Howo. Da wuya ka sami wadda aka saya sabuwa dal a cikinsu. Kusan kowacce ta gama rayuwarta ta farko a Turai ko Amurka, aka loda ta a jirgin ruwa, ta sauka a tashar Kwatano ko ta Legas, sannan ta zo nan ta fara ta biyu. Daga Kwatano zuwa Malanville, garin da ke kusa da Lolo a ɓangaren Benin, tafiyar ta haura kilomita 700, kuma ko da gwamnatin tarayya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa tun daga 1 ga Janairun 2017, sunan "'yar Kwatano" bai fita daga bakin mutane ba.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan yana ƙarƙashin bonet. A da, turbo kayan babbar mota ne da motocin gas. Mai ƙaramar mota ba ruwansa da shi. Amma dokokin rage hayaƙi da rage shan mai a ƙasashen da ke ƙera motoci sun sa kamfanoni suka riƙa ƙanƙanta inji suna ɗora masa turbo don ya ba da ƙarfin babba. Honda ta daina sa V6 a Accord daga samfurin 2018, ta koma inji mai lita 1.5 da 2.0 masu turbo. Toyota, wadda muka fi amince wa, ta cire V8 daga Land Cruiser a 2021 ta sa V6 mai turbo biyu, ta kuma sa wa Highlander ta 2023 inji mai silinda huɗu da turbo. Ford, Volkswagen, Marsandi da Peugeot sun riga su yin nisa a wannan hanya. Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 zuwa wasu ƙasashe, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka zo. Wato abin da ake saya sabo a can yau, shi ne zai cika tashoshinmu nan da shekara goma.

Shi ya sa shawarar da aka saba ji a gareji, wadda ke cewa "kada ka kuskura ka sayi mai turbo", ba za ta daɗe tana aiki ba. Gaskiya ce a yau, domin Corolla da Camry marasa turbo sun fi haƙuri da halinmu. Amma ranar da babu zaɓi tana tafe, kuma ya fi kyau ta same mu mun san abin da ke kashe waɗannan injina.

Me ke faruwa a cikin turbo?

Turbo zugazugin maƙeri ne da aka ɗaura wa inji. Wuta ba ta ci sai da iska, kuma gwargwadon iskar da ka hura mata gwargwadon zafinta. Bambancin kawai shi ne, ba hannun yaro ke zuga shi ba, hayaƙin da injin ke fitarwa ne. Hayaƙin yana juya wata 'yar fanka, ita kuma tana haɗe da wata fankar ta sandar ƙarfe guda. Ta biyun ce ke zuƙo iska ta matsa ta cikin inji. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905, amma sai a 1962 ta shiga ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka, sannan Saab da Marsandi da Peugeot suka yaɗa ta a ƙarshen shekarun 1970.

Lambobi biyu sun isa mai mota ya riƙe. Wannan sandar tana juyawa sau 150,000 zuwa sama da 200,000 a minti ɗaya, alhali injin kansa da wuya ya wuce 6,000. Hayaƙin da ke bugun fankar kuma, a motar fetur, zafinsa yakan kai digiri 900 ko fiye. A mafi yawan turbo, abin da ya raba sandar da ƙarfen da take juyawa a cikinsa shi ne ɗan siririn baƙin mai da injin ke turowa ta wani ƙaramin bututu. Shi ne man shafawa, shi ne kuma mai ɗauke zafi. Ya yanke na ɗan lokaci kaɗan, ƙarfe ya ci ƙarfe.

Baƙin mai, inda mafi yawan ɓarnar take

Kamfanonin da ke ƙera turbo sun daɗe suna faɗin cewa mafi yawan waɗanda ake dawo musu da su ba lahanin masana'anta ya kashe su ba. Mai ne, ko dai ya ƙare, ko ya ƙazantu, ko bai iso da wuri ba. A nan ne al'adar da muka gada daga zamanin Fijo 504 take cutar da mu. Bakanike da yawa sun tashi a kan cewa ƙasarmu akwai zafi, don haka mai kauri ya fi, a zuba 20W-50 ko SAE 40 a huta. Tsohon inji mai faɗin hanyoyin mai yana ɗaukar wannan. Injin da aka rubuta wa 5W-30 ko 0W-20 kuwa hanyoyinsa matsattsu ne, mai kauri ba ya isa turbo da sauri idan an tayar da mota da safe, kuma waɗannan daƙiƙu na farko su ne suke cinye shi a hankali, kullum kaɗan, har ranar da zai fara kuka.

Sai kuma man da ake aunawa da gwangwani daga duro a bakin hanya, da na galan mai tambarin babban kamfani wanda abin da ke ciki ba nasu ba ne. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ta sha kama jabun man inji a kasuwannin Najeriya. A birni mutum na iya zuwa gidan mai na kamfani ya saya. A ƙauyen da ke bayan Ka'oje, abin da mai shago ya ajiye shi ne ke akwai. Ga kuma tsawon lokacin da ake ɗauka kafin juye. Littafin motar Turai na iya cewa kilomita 15,000 ko ma 30,000, amma wannan lissafi ne na titi mai kwalta, iska mara ƙura da mai mai tsabta. A hanyar Illo, wanda ya wuce kilomita 5,000 bai juye mai ya canja filta ba yana cin bashin da zai biya ninki.

Akwai wata ɗabi'a da ba a ɗauke ta komai ba. Direba ya taso a guje da kaya, rana ta take, ya iso tasha ko shingen jami'ai ya murɗa makulli ya kashe nan take. Famfon mai ya tsaya, amma ƙarfen turbo yana nan jajir. Man da ya rage a ciki sai ya soye ya zama gawayi, ya manne a bututu, gobe hanyar ta ƙara matsewa. Minti ɗaya ko biyu na barin inji yana aiki a tsaye kafin a kashe ya isa magani, kuma kyauta ne.

Alamomin ba sa ɓuya ga mai lura: hayaƙi shuɗi-shuɗi daga salansa, musamman bayan mota ta daɗe a tsaye tana aiki, mai yana raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba, kuka mai kama da jiniya da ke ƙaruwa idan an taka totur, ƙarfi ya ragu a hawa. A motar gas abin na iya kai wa ga haɗari na gaske. Idan turbo ya saki mai da yawa cikin hanyar iska, injin yakan koma yana ƙona mansa na jiki, ya riƙa ƙara gudu da kansa, farin hayaƙi ya turnuƙe, a zare makulli ya ƙi mutuwa. Abin yi a nan shi ne a taka birki da ƙarfi, a sa babbar giya a saki kuloci, ko a toshe bakin shigar iska da abu mai ƙwari, ba da hannu ba. Duk yaron mota da ke bin Kanta ko Hilux ta gas ya kamata a koya masa wannan kafin a koya masa tuƙi.

Misalin da ya fi nuna yadda kuɗi ke salwanta shi ne injin 1.6 HDi da ke cikin wasu Peugeot 307 da 407 da Ford Focus na gas. An san shi a garejin Turai da cewa idan wanshar injekta ta fara zuba, hayaƙi yana gurɓata mai, ya yi kauri, ya toshe wata 'yar raga da ke cikin bututun man turbo. Wanda ya sa sabon turbo bai wanke kaskon mai ba, bai canja bututun ba, bai gyara injektan ba, zai dawo da wannan kukan cikin ɗan lokaci, ya zargi mai sayar da kaya, alhali abin da ya kashe na farkon ne ya kashe na biyu.

Ƙura, zafi da ruwa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce, daga Maris zuwa Mayu zafin da ke haura digiri 40, da damina kuma ruwa. Kowannensu yana da inda yake kama motar. Fankar da ke zuƙo iska da alminiyam aka yi ta, kuma a irin gudun da take yi, ƙwayar yashi tana feƙe bakinta. Al'adar cire filtar iska a buga ta a jikin taya ko a hura ta da iskar falkanaiza tana yaga takardar ta inda ido ba ya gani. Filta na cikin mafi arahar kayan mota, amma ita ce ake jinkirin canjawa.

Batun zafi kuwa, abu na farko da ake yi wa 'yar Kwatano a gareji da yawa shi ne a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya. Injin zamani kwamfutarsa tana auna zafinsa ne ta san yawan man da za ta ba shi. Idan bai kai zafin da aka tsara masa ba sai ya riƙa shan mai fiye da kima, fetur ya riƙa sauka cikin baƙin mai yana tsinka shi. Ruwan rijiya kuma yana barin tsatsa da gishiri a siraran hanyoyin da ke sanyaya turbo. Ƙari a kan haka, famfon ruwa da mahaɗan tiyo na motocin Jamus da yawa na roba ne, bayan shekara goma zafi ya gasa su, sai su tsage ba sallama. Tafasa ɗaya ta isa ta ƙone gasket, domin matsin da ke cikin silindar inji mai turbo ya fi na wanda ba shi da shi.

Mutanen Bagudo ba za su manta da ambaliyar 2020 ba, wadda ta cinye gonakin shinkafa ta yanke hanyoyi a jihar Kebbi. Ko a damina ta yau da kullum akwai wuraren da sai an ratsa ruwa. Ƙananan motoci masu turbo da yawa bakin iskarsu da lagireton sanyaya iska suna ƙasa-ƙasa a bayan bamba. Inji ya shaƙi ruwa, sandar fistan ta lanƙwashe, magana ta tashi daga gyara ta koma sayen wani inji.

Man jarka

A watan Nuwamban 2019, watanni uku bayan rufe iyakokin ƙasa, hukumar kwastan ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka. An yi ne don daƙile fasa-ƙwaurin mai zuwa Benin da Nijar, amma mazauna garuruwan bakin iyaka su suka ɗanɗana, domin ya tura su wajen 'yan bumburutu. Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya rage ribar tsallaka da shi, bai kawar da jarka da mazurari daga bakin hanya ba. Ba kowane mai sayarwa ke algus ba, yawancinsu neman halali suke. Amma man da ya kwana a jarka, aka juye shi daga wannan zuwa waccan a fili, yana ɗauko ƙura da ruwa ko da ba a gauraya shi da komai ba.

Tsohuwar Golf tana sha ta wuce. Injin TSI na Volkswagen, THP na Peugeot ko EcoBoost na Ford kuwa yana fesa fetur ne kai tsaye cikin silinda da matsi mai tsanani, ta famfo na biyu da nozul masu ƙananan ƙofofi, kuma waɗannan biyun suna cikin kaya mafi tsada a jikinsa. Sannan da yawa daga cikin irin waɗannan injina an rubuta musu fetur mai lamba 95, mu kuwa iri ɗaya ake sayarwa a gidajen mai, babu zaɓi. Kwamfuta tana rage ƙarfi don ta kare injin, amma idan zafi da lodi da man banza suka haɗu, fistan na iya fashewa. Ko man gidan mai ma ya taɓa ba da kunya: a Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai methanol fiye da kima daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, ya lalata motoci, kamfanin NNPC ya amsa da bakinsa.

A ɓangaren gas, motocin Turai daga wajajen 2009 suna zuwa da matacin toka a salansa, wanda gas mai yawan sulfa da gajeriyar tafiya ke toshewa. Idan ya toshe, hayaƙi ba ya samun hanya, turbo ne ke shan wahalar. A nan ma muna da giɓi na tarihi. Shekaru da yawa fetur na da tallafi, gas ba shi da shi tun zamanin Obasanjo, don haka 'yan Najeriya suka guji ƙaramar motar gas, bakanikenmu ma ba su sami hannu a kanta ba sosai.

Wasu cututtukan kuma da su motar ta zo. Injin 2.0 TSI na wajajen 2008 zuwa 2012 an san shi da shan baƙin mai da sakin sarƙar tayimin. THP mai lita 1.6 ma sarƙarsa tana miƙewa, ga tarin gawayi a bayan bawul. Wasu EcoBoost na Escape da Fusion da Edge ruwa na shiga silindarsu. Mai saye a Birnin Kebbi ko Sakkwato ba ya samun takardar tarihin gyara, lambar kilomita an sha mayar da ita baya, wasu motocin ma daga gwanjon waɗanda suka yi haɗari ko ruwa ya ci a Amurka aka ɗauko su. Wadda ta biyo ta daji da dare don kauce wa kwastan ta riga ta sha wuya tun kafin mai ita ya taɓa sitiyarinta.

Lissafin aljihu

Kafin a zo kan farashi, akwai asarar da ta fi kowace ciwo: biyan kuɗin abin da bai lalace ba. Mota ta rasa ƙarfi, fitila ta kama a dashbod, sai a ce turbo ya mutu. Sau da yawa tiyon iska ne ya tsage, ko kilif ya kwance, ko ɗan bututun da ke buɗe ƙofar rage matsi ya huje, ko na'urar auna iska ta yi datti, kwamfuta ta ga lissafi bai daidaita ba ta rage ƙarfi da gangan. Na'urar bincike da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, da wanda ya iya karanta abin da ta nuna, suna raba wannan da wancan cikin rabin sa'a. Inda babu su, sai a koma canje-canje, a sayi wannan a gwada, a sayi wancan, kuɗin mai mota ne ke tafiya. Wasu kuma sukan ba da shawarar a toshe turbo a huta. Ba hutu ba ne. Injin an gina shi ne a kan iskar da turbo ke ba shi, in an hana shi sai ya rasa ƙarfi, ya ƙara shan mai, na gas kuma ya riƙa baƙin hayaƙi.

Idan ya tabbata turbo ɗin ne, hanya uku ce. Ta farko a canja cikinsa kawai, wato sandar da fankokinta da mazauninsu, waɗanda ake sayarwa a haɗe, a mayar da su cikin tsohon kwanso. Ita ce mafi sauƙi, muddin kwanson bai tsage ba kuma kayan an daidaita su a masana'anta, domin abin da ke juyawa sau dubu ɗari biyu a minti ba a daidaita shi da ido. Ta biyu a sayi na Beljiyam, wanda aka kwance daga wata motar. Asali ne, amma shekarunsa ɗaya da wanda ya mutu, kuma garantinsa kwanaki ne. Ta uku sabo na kamfani irin Garrett ko BorgWarner, wanda a Amurka canja shi da kuɗin aiki yakan kama daga dala 1,000 zuwa 3,000. A nan kuɗin aiki bai kai nasu ba, amma kayan da dala ake sayo su.

A nan ne canjin kuɗi ya shigo. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Ɗauki kayan da kuɗinsa dala 300 ne a matsayin misali: a lissafin farko naira 138,000 ne, a na biyu 450,000, daidai da albashin wata shida na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashin jihar Kebbi na naira 75,000. Tsallakawa Benin ma ba ta ba da sauƙin da take bayarwa a da, domin sefa a ɗaure take da yuro, jaka ɗaya ta haura naira 2,000 a shekarar 2024. Kuma turbo ba ya tafiya shi kaɗai. Dole a haɗa da bututun mai, gasket, sabon mai da filta, a wanke lagireton iska. In ɓaraguzan fanka sun shiga silinda, ko mai ya ƙare har inji ya buga, to lissafin ya koma na inji sukutum, wanda a tsohuwar mota yakan kusanci rabin abin da za a saye ta.

Akwai kuma harajin nisa, wanda mutumin Kano ko Kaduna ba ya biya. Kayan da ake nema yana Kofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ko Kwatano. Za a tura hoto ta WhatsApp, a tura kuɗi, a sa a motar haya, a jira. Ya iso a tarar lambarsa ba ta dace ba, domin mota iri ɗaya ta shekara ɗaya tana iya zuwa da turbo kala biyu ko uku, a sake mayarwa. Ga direban haya, kowace ranar kasuwar Tsamiya ko ta Lolo da ta wuce motarsa tana kan dutse asara ce da ba a rubuta a takardar bakanike, ga balas na mai mota yana jira.

Ga wanda ke shirin saye, abin da zan ce kaɗan ne. Ka je da safe a tayar da ita a gabanka tana sanyi, ka saurari ƙarar sarƙa, ka dubi hayaƙi. Ka buɗe murfin mai ka leƙa ko akwai baƙin kunu. A cire tiyon da ke shiga turbo a taɓa sandar, in tana kaɗawa har fanka na gogar bango, ka bar ta. A jona na'urar bincike kafin ka biya, ba bayan ka biya ba. Ka kuma ware kuɗin gyara daga cikin kuɗin saye tun farko. Wanda abin hannunsa bai wuce kuɗin motar cif ba, kuma a kanta zai ci abinci a hanyar Illo, mara turbo ta fi masa a yau.

Amma babban aikin ba na mai saye ba ne. Bakanikenmu masu basira ne, sun raya motocin da masu ƙera su suka yafe tun tuni, abin da suka rasa shi ne horo da kayan aiki na injin da ke zuwa. Jihar Kebbi tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi da Jami'ar Kimiyya da Fasaha a Aliero, ƙasa tana da hukumar NADDC mai kula da harkar motoci, masu gyara kuma suna da ƙungiyarsu ta NATA. Muna kira ga gwamnatin jiha da majalisar ƙaramar hukumar Bagudo su haɗa waɗannan wuri guda, a kawo gajeren horo kan injin turbo da na'urar bincike har Bagudo da Ka'oje da Illo, cikin harshen Hausa, a kuma taimaka wa garejin da suka halarta su mallaki na'urar. Hukumar SON kuma ta riƙa leƙa shagunan baƙin mai na garuruwan bakin iyaka, kada ta tsaya a manyan birane.